Liboria Mai Rini da Baƙin da Aka Hana Ta

A garinmu Roccascura, in mutuwa ta shiga gida, kafin a je wa fada, limamin coci, da labari, kafin ma a aika wa kafinta ya auna akwati, ƙofar Liboria ake fara bugawa. Haka muka taso muka tarar. Mata za su zo da ƙunshin kaya, idanu jajur: riguna, mayafi, safa, har ƙyallen da maza ke ɗaurawa a damtse. Ita kuma ta hura wuta a bayan gida, ta ɗora babbar tukunyar tagulla, ta zuba garin baƙi da gishiri, ta kama juyawa da wata tsohuwar ƙotar fartanya. Wa ke da halin sayen sababbin baƙaƙen kaya a garin nan a wancan zamani? Abin da kike da shi, shi za a rina. Rigar da aka kai ki gidan miji da ita ma, in ranar ta zo, cikin tukunyar Liboria za ta ƙare.

Baƙin makoki a wurinmu da ƙa'idarsa. Na ɗan'uwa shekara biyu ne, a cire. Na miji da na ɗa kuwa ba a cirewa, da shi ake shiga kabari. Shi ya sa in ka tsaya bakin coci ranar Lahadi, duk macen da ta manyanta baƙi za ka gani a jikinta, in ban da mutum ɗaya. Liboria, wadda hannuwanta suka rine har gwiwa, wadda sabulu bai taɓa fitar mata da baƙin farce ba, ita ce kullum cikin wata shuɗiyar riga da ta koɗe. Mijinta Ignazio ya shiga jirgin ruwa ya tafi Ajantina tun ɗansu na shan nono, shiru kake ji. Bai aiko ba, bai dawo ba, ba a kuma ce ya mutu ba. Ga ta nan dai, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. In an tsokane ta sai ta yi dariya ta ce, "Ragon banza, ko mutuwar ma ya kasa yi mini a kan lokaci."

Maza biyu ne a rayuwarta, kuma duka biyun ita ta raine su.

Na farko ƙanenta Onofrio. Uwarsu ta rasu yana jariri, Liboria na 'yar yarinya. Ita ta goya shi, ita ta riƙa tsoma tsumma a nonon akuya tana sa masa a baki, ita ta tauna masa burodi. Ya tashi ya zama mai gadin gonakin wani mai ƙasa da ke zaune a birnin Palermo, da bindiga a kafaɗa. Daga gadi ya koma shi ke ba da hayar gonakin, daga nan rijiyoyin kwarin duka suka dawo hannunsa. Wata rana muka wayi gari ana ce masa Don Onofrio, da laƙabin manya. Ba mai sayar da alfadari, ba mai aurar da 'ya, ba mai samun ruwan ban lemo sai da saninsa. Dattawa masu furfura su cire hula su sumbaci hannunsa a dandali. Abin da yake shugabanta ba ya da suna a bakinmu, "abokai" kawai ake cewa, a rage murya. Liboria kaɗai ke ce masa Nofriu, ita kaɗai ke iya daka masa tsawa in ya tako mata ɗaki da taɓo.

Na biyu ɗanta Gerlando. Ai wannan yaro! Dogo, ga fara'a, ga son waƙa, kullum gashi na ƙyalli da mai, 'yan mata na leƙensa ta taga. Kawunsa ne ya riƙe shi ranar baftisma, kuma da ya isa mutum shi ya ɗauke shi ya ba shi tuƙin motarsa. Liboria ba ta so ba, amma me za ta ce? Uban yaro ya gudu, kawu ya tsaya. Kuma in ta ga ɗanta ya wuce a baƙar motar nan yana danna mata ham, wallahi daɗi take ji, ba ta taɓa musun haka ba.

Shekarar da aka yawaita satar shanu a kwarin, 'yan sanda suka zo daga Palermo suka yi kame. Suka kwashe mutanen Don Onofrio da dama, har da Gerlando, suka kulle su a ofishinsu na bakin gari. Onofrio ya aiko wa yayarsa da saƙo: ta zauna a gida, ta ja bakinta, tare aka shiga da su, tare za su fito. Ta zauna ɗin. Amma matar da ke kai wa ofishin wanki ta zo tana raɗa mata cewa ana ɗura musu ruwan gishiri, ana dukansu a tafin ƙafa, an ji wani yana kiran uwarsa. Tun daga nan Liboria ta daina barci.

To, akwai matar babban ɗan sandan garin, baƙuwa ce daga can arewa, ba mai gaishe ta. Shekarar da ta wuce jaririnta ya mutu, duk garin ba wadda ta taka ƙofarta sai Liboria, da ta je karɓar kayan rini ta tarar da ita ita kaɗai a gaban ɗan akwati, ta kasa tafiya, ta zauna ta taya ta kuka. Wurin wannan mata ta nufa, tsakar rana, ta ƙofar gaba, kowa na gani. Ta durƙusa ta kama ƙafarta. Ta ce, "Ke ma kin san zafin ɗa. Shi ke nan gare ni. Tuƙi kawai yake yi." Matar ta ɗaga ta, ta rungume ta, ta ce za ta yi wa mijinta magana. Baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta yi, ba ta san garin da take zaune ba.

Kwana biyu aka saki Gerlando. Shi kaɗai.

Liboria ta yanka kaza, tana ta shiga da fita, bakin nan har kunne. Ya shigo yana ɗingishi, leɓe a kumbure, ya zauna bai taɓa abincin ba.

Ya ce, "Mama, wa ya sa aka sake ni?"

"Ci abinci mana! Allah ne ya sa."

"Mama, dube ni. Wa ya sa?"

Ta gaya masa, har da ɗan alfaharinta. Ya daɗe yana kallon hannuwanta. Sannan ya ce, a hankali, ba faɗa ba, "Sun yi ta dukana ban buɗe baki ba. Ko sunana da ƙyar na faɗa musu. Da kin bar ni a can, Mama. A can ba abin da zai same ni."

Sai a lokacin ta gane. Ita da aka haifa a garin nan, ita da ta rina wa iyaye mata kaya ba adadi, ta san abin da ake cewa game da mutumin da aka kama cikin jama'a ya fito shi kaɗai. Ta sani sarai, tsoro ne ya shafe mata shi. Garin neman gira ta rasa ido.

Kamar da gangan, cikin makon 'yan sanda suka gano kogon da ake ɓoye shanun. Wa ya faɗa? Oho, watakila ma sawu suka bi. Amma gari ya riga ya yanke hukunci. Gerlando ya shiga wurin mai aski, aka ce masa akwai layi, alhali kujera ba kowa. Ya yi sallama a shagon kofi, kowa ya duƙar da kai cikin kofinsa. Aka aiko wani ya karɓi makullin mota.

Liboria ta yafa mayafi ta tafi gidan ƙanenta. Ta same shi a lambu yana yi wa inabi aski da ƙaramar wuƙa.

Ta ce, "Nofriu, ni ce. Ni na je na roƙa. Yaron nan bai ce uffan ba, na rantse da kabarin uwarmu."

Ya ce, "Na sani, Yaya."

"Ka sani?"

"Na san ɗan da na riƙe a coci. Na kuma san yayata. Ban aiko miki ki zauna ba?"

"To tunda ka sani, ka gaya musu mana! Ba kai ne babba ba?"

Ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Bara ɗan Cusumano ya fito shi kaɗai. Uwarsa ma ta zo nan ta rantse. Ke kika rina mata kaya, ko kin manta? Yanzu in na ce nawa daban ne, mutanen da ke kulle a can, da iyayensu, da 'yan'uwansu, me za su ce? Sun sumbaci hannun nan ne don sun ga ba ya zaɓe. Ran da ya zaɓa, za su yanke shi, su biyo da matata da ɗana."

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Nofriu. Ni na tauna maka burodi!"

"Ban manta ba." Ya ɗauki wuƙarsa ya juya wa inabin. "Je ki gida, Yaya. Rana ta yi zafi."

Ta roƙi Gerlando ya gudu, ya bi jirgin ƙasa, ya tsallaka teku, ya bi uban nasa ma in ya so. Ya ce in ya gudu ya amsa laifin ke nan, kuma ita za a bari da sunan uwar maci amana. Ran Lahadi aka aiko cewa Kawu na kiransa cin abincin rana. Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya shafa wa gashinsa mai. A bakin ƙofa ya sumbace ta a goshi ya ce, "Ki ajiye mini miyar jiya, abincin gidan Kawu gishiri ke masa yawa." Ta tsaya tana kallonsa har ya sha kwanar coci.

Bai dawo ba. Ba gawa, ba jini, ba ko takalmi ɗaya. Kashegari labari ya zaga gari cewa Gerlando ya sami aiki a Jamus, a kamfanin motoci, ya tafi cikin gaggawa. Lokacin samari na ta tafiya can, wa zai ce ƙarya ne?

A nan ne abin da Liboria ke nema a duniya ya koma guda ɗaya tak. Ba ramuwa ba, ba shari'a ba, wa za ta kai ƙara, wurin wa? So take ta sa wa ɗanta baƙi, kamar kowace uwa. Amma sa baƙi yana nufin ya mutu, kuma in ya mutu, kowa ya san gidan da ya je cin abinci. Rigar da za ta sa, ita ce za ta tsaya tsakiyar dandali ta nuna Don Onofrio da yatsa.

Ta gwada sau ɗaya. A al'adarmu gidan makoki ba a hura wuta. Dangi da maƙwabta ne ke kawo romon kaza da burodi, kuma kwanon da aka kawo ba a wanke shi a gidan, da dattinsa ake mayarwa. Liboria ta kashe murhunta, ta jera kujeru jikin bango, ta buɗe ƙofa ta zauna. Ta ce a ranta ko mutum ɗaya ya shigo ya zauna, ya isa. Mommina maƙwabciyarta, wadda suka yi wasan ƙasa tare, ta zo wucewa da tulu, ta ga kujerun, ta kau da kai ta ƙara sauri. Wuni ya wuce, wani ya biyo. Matan da ta rina wa kaya, matan da ta riƙe a bakin kabari, duk suka canza hanyar zuwa famfo. Tir da halin garin nan, tsoro ya cinye mana kunya tun da daɗewa.

Rana ta uku sai ga Epifania, matar Onofrio, cikin jan mayafi, ɗauke da tukunya a naɗe da tawul. Liboria ta gane tukunyar tun daga nesa, ta uwarsu ce, mai kunne ɗaya. Ta ce a ranta, ya aiko romo, ya amsa, ya ba ni izini. Har ta ji wani abu mai kama da godiya, Allah Sarki.

Epifania ta buɗe. Gasasshiyar taliya ce da nama da cuku, irin ta ranar biki.

Ta ce, "Yaya, me ya same ki kika zauna da kujeru haka kamar ana jiran baƙi? Ƙanenki ya ce ba ki da lafiya, ba kya girki. Ci ki ji ƙarfi, mu taya ki murnar aikin da yaro ya samu." Ba ta iya haɗa ido da ita ba. Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Ya ce in kin gama, ki wanke tukunyar ki aiko."

Liboria ta zauna gaban taliyar har ta huce. Sannan ta juye wa kaji, ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta wanke tukunyar uwarta tas da toka. Ta mayar da kujerun inda suke.

Daga nan shekaru suka yi ta tafiya, ba abin faɗa. Ta ci gaba da rini. Ciniki ya ragu da aka fara kawo baƙaƙen kaya ɗinkakku daga birni, amma talakawa ba su daina zuwa ba. Ta daina tsokanar mutane, ta daina zagin Ignazio. Abin da ya fi komai ciwo, ba a bar ta ta yi shiru ba. A kasuwa, a bakin coci, sai wata ta ce, "Liboria, ya labarin na Jamus?" Wasu mugunta ce, wasu kuwa so suke a ji sun tambaya, a san ba su san komai ba. Ita kuma ta ce, "Lafiya lau yake." Duk Kirsimeti tana cin abinci a teburin ƙanenta, a kujerar damansa, don in ba ta je ba shi ma magana ce.

Don Onofrio bai mutu da harsashi ba. Tsufa da ciwon zuciya suka kwantar da shi a gadonsa, likita na zuwa daga Palermo. Da jiki ya yi tsanani ya ƙi karɓar abinci a hannun kowa sai na yayarsa. Ta zo, ta zauna bakin gado, tana ba shi romo da cokali, tana goge masa haɓa. Ya rame, ya koma ƙarami. Ta so ta tsane shi, ta nemi tsanar a cikinta, sai ta tarar da jaririn nan mai tsotsar tsumma. Wannan ma ya ba ta haushi.

Ta sunkuya ta ce, "Nofriu, ba zan faɗa wa kowa ba. Ban ce ka nuna mini wuri ba. Gaya mini gefen kawai. Tsohuwar rijiya ce, ko ramin farar ƙasa, ko kwazazzabo? In san inda zan juya in ina masa addu'a."

Bakinsa ya motsa. Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. Sai idonsa ya tafi bakin ƙofa, inda ɗansa Gaspare ke tsaye, hannu a aljihu, wanda tun uban na kwance mutane suka fara cire masa hula. Tsohon ya dawo da ido kanta ya ce, "Yana Jamus, Yaya."

Ta ɗebi wani cokalin ta ba shi, ya sha.

Da ya cika, ita ta rina kayan gidan duka. Da ta gama na Epifania da na surukai, ta shiga ɗaki ta kwaso nata: shuɗiyar rigar, da ta zaman gida, da mayafi, da safa, ta tura su cikin tukunya da ƙotar fartanya. Ranar jana'iza, kukan da Liboria ta yi ba a taɓa jin irinsa a Roccascura ba. Ta yage mayafi, ta faɗi ƙasa, mata suka riƙe ta da ƙyar. Ba ta kira sunan kowa ba. Fada ya yi misali da ita a wa'azi, ya ce ku dubi yadda ake son ɗan'uwa. Ta bar su suna faɗa. A karon farko ta sa baƙi, kuma ita ta san na wane ne. Mommina ta ce a shekarun nan biyu har ƙiba Liboria ta ɗan yi, tana barci, wani lokaci a ji ta tana 'yar waƙa a bayan gida.

Shekara biyu ta cika. Surukai suka cire, 'yan'uwa na nesa suka cire. Liboria ta yi kamar ba ta san lissafi ba. Ta shiga ta uku.

Wata safiya baƙar mota ta tsaya a ƙofarta. Don Gaspare ya shigo, ya cire hula, ya sumbaci baƙin hannunta, da ladabinsa da komai, kyan ɗa ya gaji ubansa. Ya ajiye wani kwali a kan tebur.

Ya ce, "Gwaggo, kin yi wa Baba abin da ba wanda ya yi masa. Amma lokaci ya wuce. Mutane sun fara tambaya, wai wannan baƙin na wa ne."

Ta ce, "Gaspare, na tsufa. Kwana nawa ya rage mini? Wa zan cuta da tsummana?"

"Ba ni ba ne, Gwaggo. Akwai sabon alƙali a Palermo mai tone-tonen tsofaffin maganganu. Baki shi ke yanka wuya, riga ma tana yi."

"Ɗan'uwanka ne fa. A kafaɗa yake ɗaukarka ya kai ka kallon wasan wuta."

"Shi ya sa nake so in ya dawo ya same ki da kyan gani." Ya buɗe kwalin. Riga ce mai ruwan ƙasa-ƙasa da ƙananan furanni rawaya, yadi mai tsada. "Baƙaƙen kuma ki haɗa mini su, zan kai wa mabukata. In an tambaye ki, ki ce daga Jamus aka aiko."

Ta dube shi, ta dubi rigar. Ba ta da sauran wanda za a kashe mata, amma ba ta da sauran ƙarfi kuma, kuma yaron nan da ke tsaye shi ne kaɗai jinin uwarta da ya rage a duniya. Ta shiga ɗaki ta tuɓe, ta ninke baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa masa. Ya jira har ta fito cikin furannin, ya ce ta yi mata daidai.

Ran Lahadi ta je coci a haka, tsohuwa tukuf, hannuwa baƙi ƙirin, jiki duk furanni, a tsakiyar matan da kowace ke sanye da baƙin mamacinta. A bakin ƙofa wata ta shafa yadin ta ce, "Kai, Liboria, wannan ai ba na nan ba ne! Gerlando ne ya aiko?"

Ta ce, "Shi ya aiko."

Ba ta tsaya gaisawa ba, don an yi rasuwa a unguwar ƙasa, ƙunshin kaya na jiranta, ga wuta ba ta hura ba. Ta rayu bayan haka ba da yawa ba. Da ta mutu aka buɗe akwatinta, ba a sami baƙar riga ko ɗaya ba, sai aka binne ta da mai furannin.